Kafin Ka Haɗa Jarkar WhatsApp Da Ƙwayar Asibiti, Tsaya Ka Ji Aikin Hanta

 Yau ba maganar saitin waya zan yi ba, ko da yake waya tana cikin maganar dumu-dumu. Rubutun zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana ya karanta daga baya.

Duk mai gyaran waya ya san wannan. Mutum zai kawo maka waya ta mutu murus, ka tambaye shi, "Ta faɗa ruwa ne?" Ya ce, "Wallahi haka kawai ta ɗauke." Ka kwance ta, sai ka ga ɗan farin tambarin nan na ciki ya koma ja, injin ya yi tsatsa kore-kore. Mu a shago murmushi kawai muke yi, don waya ba ta iya rufa wa mai ita asiri. To amma shi likita ba ya kwance mutum ya leƙa tambari. Abin da ka faɗa masa, da shi zai yi lissafi.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, yana aiki a wani kamfanin roba a nan Bompai, ya daɗe yana kan inji. Yana da ciwon suga da hawan jini, kuma yana shan ƙwayoyinsa yadda aka ce, glibenclamide ta suga da amlodipine ta hawan jini. Na rubuta sunayen yadda suke a jikin kwali don mai irinsu a gida ya gane. Wata safiya bayan sun tashi daga aikin dare ya biyo ta shagona, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ɗana, tura wa wannan bawan Allah dubu takwas, ga lambar asusunsa nan a ƙasan saƙon." Saƙon murya ne aka turo a gurup ɗinsu na ma'aikata. Mai maganin yana da baki, ba ƙarya. Suga, hawan jini, basir, sanyi, olsa, har da abin da ba a faɗa a gaban yara, duk jarka ɗaya. Na saurara, na yi dariya, na tura kuɗin. Ko tambaya ɗaya ban yi ba. Da yamma ɗan sahu ya kawo masa jarkar, ruwa baƙi-baƙi, babu takarda a jiki, babu suna, babu komai.

Bai cika sati biyu ba aka kira ni. Yana tsaye a kan inji sai gumi ya karyo masa, jiki na rawa, yana magana ba kai ba gindi. Allah ya sa na kusa da shi ya lura ya kashe injin. A asibiti aka auna aka ga suga ya faɗi ƙasa sosai, aka ɗaura masa ruwa. Da ya dawo hayyacinsa likita ya tambaye shi, "Baba, ban da waɗannan ƙwayoyin, akwai wani abu da kake sha?" Kawu ya ce, "Babu, likita." Ya ɗan kalle ni. Ni ma na yi shiru, don ba a ƙaryata babba a gaban mutane. Sai da likitan ya fita na bi shi baranda na faɗa masa gaskiya.

Bai yi faɗa ba. Ya ce abu uku ne ke iya faruwa: ko jarkar tana da abin da ke sauke suga da kansa ya haɗu da ƙwayar suka yi yawa, ko mai haɗin ya niƙa ƙwayar bature ya zuba a ciki, ko kuma wani abu a cikinta ya hana hanta sarrafa ƙwayar kawu har ta taru a jini. Na biyun farko na gane nan take. Na ukun ne ya tsaya mini a rai, shi ya sa na yi makonni ina karatu a waya tsakanin gyara da gyara. Ni ba likita ba ne, sakandare na gama, amma abin da na fahimta ya isa in ce jama'a mu yi hattara.

Ga yadda abin yake. Idan ka haɗiye ƙwaya, ba kai tsaye take zuwa inda ke ciwo ba. Daga hanji jini ke ɗaukarta, kuma tashar farko ita ce hanta. A cikin hanta akwai wasu sinadarai da ake kira enzayim, aikinsu su karya magani su mayar da shi abin da jiki zai iya fitarwa ta fitsari ko bayan gida. Babban gidansu shi ake kira sitokurom P450, kuma a gidan akwai wata mai suna CYP3A4 wadda ke da hannu wajen sarrafa kusan rabin magungunan da ake rubutawa. Tana hanta, tana kuma bangon hanji. Ita ce ke sarrafa amlodipine, kuma tana cikin masu sarrafa glibenclamide. Lokacin da likita ya ce ka sha ƙwaya ɗaya da safe, ya riga ya sa saurin aikin waɗannan enzayim a lissafi.

Da na zo yi wa kawu bayani, da kamfaninsu na yi masa misali, kuma nan take ya kama. Na ce, Kawu, kaya na fitowa daga inji, akwai mutum goma a layi suna kwashewa. In aka janye bakwai, inji kuma bai rage gudu ba, me zai faru? Ya ce kaya za su taru har su toshe hanya. Na ce to in aka ƙaro mutum ashirin fa? Ya ce kafin ka ƙifta ido layi ya zama wayam. To haka ganye da saiwa ke iya yi wa hanta. Wani yana janye ma'aikata, magani ya taru a jini, ƙwaya ɗaya ta yi aikin biyu ko uku. Wani yana ƙaro ma'aikata, a kwashe maganin tun bai yi aiki ba, kana sha kullum amma kamar ba ka sha. Na biyun ya fi ban tsoro a wurina, don ba ya sa jiri, ba ya sa amai. Shiru kake ji, ciwo na ci.

Kada wani ya ce ƙirƙira ce ta masu ƙin maganin gargajiya, don ko a lemo ma an gano abin. A 1989 wani mai bincike a Kanada, David Bailey, yana gwada ko giya na shafar wani maganin hawan jini mai suna felodipine. Ya nemi abin da zai ɓoye ɗanɗanon giyar, sai ya zuba ruwan garehul, wani babban lemo mai ɗaci-ɗaci. Da aka auna jinin mutanen sai aka ga maganin ya ninka abin da ake tsammani. Ashe lemon ne ke kashe CYP3A4 ta hanji. Lemo fa, wanda kowa zai rantse ba ya cutarwa.

A ɓangaren masu ƙaro ma'aikata kuma, wanda ya fi suna shi ne wani ganyen Turawa, St John's wort, da suke sha don rage damuwa. A shekarar 2000 mujallar likitoci ta Lancet ta buga rahoton mutum biyu a Zurik ta ƙasar Suwizalan da aka yi wa dashen zuciya. Suna shan maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar zuciyar, suka haɗa da ganyen, maganin ya ragu a jini, jiki ya fara yaƙar zuciyar. A shekarar dai wani bincike a Amurka ya nuna ganyen ya rage maganin ƙanjamau mai suna indinavir da kashi 57 cikin 100, har hukumar magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi. Bayan shekara biyu aka gwada ƙwayoyin tafarnuwa, irin na kwalba da ake sayarwa a matsayin ƙarin lafiya, aka ga sun rage wani maganin ƙanjamau, saquinavir, da wajen rabi. Za ka ce ina ruwanmu da ganyen Turawa. To ku juya bayan kwalaben nan masu ƙyalli da ake tallarsu a Facebook da Instagram don barci da kwantar da hankali, ku karanta abin da ke ciki. Wasunsu na ɗauke da shi.

Mu dawo gida. A 1996 masana a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun ba mutum shida asfirin tare da abincin gargajiya da aka sa wa tsamiya, suka ga asfirin ɗin da ya shiga jini ya ƙaru sosai. A 1994 a Sudan an gwada kulorokwin tare da ruwan tsamiya da zoɓo da lemo, aka ga maganin da ya shiga jini ya ragu. A Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife an gwada namijin goro tare da kwinin, a rahoton da ya fito a 2015, aka ga shi ma ya rage yawan maganin a jini. Gaskiya biyu a nan. Ta farko, gwaje-gwajen nan ƙanana ne, mutane kaɗan aka yi da su, kuma irin na tsamiya ya fi kama da abin da ke faruwa a ciki da hanji kafin a kai ga hanta. Ta biyu, tsamiya ɗaya ta ƙara wani magani ta rage wani. Wato ba abin da za ka zauna a majalisa ka yi hasashensa ba ne.

Ban ce a daina shan kunun tsamiya ba, kar a je a ce mai gyaran waya ya haramta kunu. Abin da ke cikin miya da kofin zoɓo daban, abin da aka tafasa aka tace aka kaurara ana kurɓa safe da yamma na wata guda daban. Ku ɗauki kurkum da masoro. Kowa na ci a abinci lafiya lau. Amma a 1998 wani bincike a Indiya ya nuna in aka haɗa sinadarin kurkum da fiferin, sinadarin da ke sa masoro yaji, abin da ke shiga jini na ninkawa har sau 20, saboda fiferin na rage wa hanta da hanji saurin kwashe shi. Masu haɗa ƙwayoyin kurkum suka mayar da wannan abin talla. A 2019 hukumomin lafiya a Italiya suka tattara rahoton mutum fiye da 20 da hantarsu ta kumbura bayan shan irin waɗannan ƙwayoyi. Kuma fiferin ba shi da ido, bai san wannan kurkum ne wancan ƙwayar asibiti ce ba.

Akwai dabarar da na sha ji a bakin mutane, har kawu ma ita ya yi: a sha na gargajiya da asuba, a sha na asibiti da hantsi, wai an raba su. Wannan na iya taimakawa in a ciki suke karo. In a hanta ne, ba ya hana komai. Garehul in ya kashe enzayim, sai jiki ya ƙera sabuwa, abin da kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku. Masu ƙaro ma'aikata kuma a hankali suke yi, sati ɗaya zuwa biyu kafin su kai ƙarshe, kuma ko ka daina sha sai an yi kusan sati biyu kafin hanta ta koma yadda take. Tazarar awa huɗu ba ta shiga wannan lissafin ko kaɗan. Wannan ma ya sa mutane ba sa zargin jarka. An fara sha lafiya, an yi kwana goma lafiya, to da abu ya faru sai a ce sammu ne ko gajiyar aiki.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: iyaye da kakanni da ganye suka rayu. Haka ne, kuma ni ban raina shi ba. Kwinin daga ɓawon itace aka samo shi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu yanzu, tushensa wani ganye ne ɗan gidan su tazargade, kuma matar da ta gano shi, Tu Youyou ta ƙasar Sin, ta samu kyautar Nobel a 2015. A nan gida ma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa Niprisan don masu sikila daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari. Ganye na da ƙarfi. To ai shi ne maganar tawa. In ka yarda yana da ƙarfin sauke suga, dole ka yarda yana da ƙarfin yin karo da wani maganin. Wanda ya ce maka nasa na warkar da cuta goma sha biyu amma ba ya illa don na gargajiya ne, ɗayan biyun ƙarya ce. Sannan kakanninmu ba sa shan glibenclamide da maganin ƙanjamau da ƙwayar tazarar haihuwa. Haɗin sabo ne. Kuma mai maganin da suke zuwa wurinsa a unguwa yake, ko yana da rumfa a Kurmi, an san gidansa. Na yanzu lamba ce da hoton furofayil, in abu ya ɓaci ya cire layi.

Su ma magungunan asibiti suna yi wa juna haka, bambancin kawai an sani. Duk wanda ya taɓa jinyar mai tarin tibi ya san ƙwayar nan rifampicin mai mayar da fitsari ja. Tana cikin manyan masu ƙaro wa hanta ma'aikata. Shi ya sa in mai shan dolutegravir na ƙanjamau ya kamu da tibi, ana mayar masa da ita sau biyu a rana maimakon sau ɗaya, mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa kuma a ce ta canza hanya. Kun ga likita na iya gyara lissafi in ya san abin da ke shiga cikinka. Abin da ba zai iya ba shi ne gyara lissafin abin da aka ɓoye masa.

A nan ma'aikatan lafiya ma suna da nasu. Na tambayi kawu daga baya me ya sa ya ce babu. Ya ce ya taɓa faɗa wa wata ma'aikaciya yana shan jiƙo, ta yi masa tas a gaban layi kamar yaron goye. Dattijo mai jikoki ba zai sake ba. In kuna son gaskiya daga bakin mutane, ku tambaya yadda za a iya amsawa. Kuma kowa ya san tsadar magani da kuɗin awo ne ke tura ma'aikaci mai ƙaramin albashi wurin jarkar dubu takwas, ba wauta ba.

To tunda waya ce ta kawo jarkar, bari mu sa ta aiki ta ɗaya ɓangaren. Abin da na yi wa kawu, kuma nake yi wa duk dattijon da ya yarda in ya kawo gyara, shi ne buɗe albam a ma'ajiyar hotuna mai suna Magunguna. A ɗauki hoton kowane kwali gaba da baya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har shayin rage tumbi da maganin maza da kayan mata, don su aka fi jin kunyar ambata. In baki ya yi nauyi a gaban likita, a miƙa masa waya kawai. Mai harhaɗa magani na gaske, wanda ya yi karatun, shi ma ya san wannan fannin sosai, kuma ba ka biyan kuɗin kati kafin ka tambaye shi.

In kwalba na da lambar NAFDAC, ka shiga Google ka rubuta NAFDAC Greenbook, ka sa sunan maganin ko lambar, ka ga ko sun yi daidai da abin da ke hannunka. Amma a fahimci lambar. Yawancin na gargajiya lambarsu na ƙarewa da harafin L, wato an sa su a jeri ne na shekara biyu bayan an duba ba su da guba. Ba shaidar suna warkarwa ba ce, shi ya sa ake rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Kuma ba shaidar za su zauna lafiya da ƙwayar da kake sha ba ce. Don duba karo tsakanin magunguna akwai shafin Drugs.com, sannan masu shan maganin ƙanjamau akwai manhajar HIV iChart ta Jami'ar Libaful, kyauta ce, kuma tana da sashen ganyayyaki. Abin da ka gani ka kai wa likita, kar ka yanke hukunci da kanka, kar kuma ka ajiye ƙwayar asibiti don wani abu da ka karanta, har da wannan rubutun nawa. In magani ya yi maka illa, na bature ko na gargajiya, akwai manhajar Med Safety a Play Store da ake kai wa NAFDAC rahoto ta ciki.

Sai dai duk waɗannan suna aiki ne in abin na da suna. Jarkar kawu ba ta da abin da za a rubuta a akwatin bincike. Ko manhajojin nan masu amsa tambaya da ake yayi yanzu ka tambaya, me za ka ce musu, ruwa baƙi mai ɗaci? A ra'ayina, mai shan maganin suga, hawan jini, farfaɗiya, ƙanjamau, tibi, maganin tsinka jini ko na tazarar haihuwa, ba shi da abin yi da duk wani haɗi da mai shi ya ƙi faɗin abin da ya zuba. In ya ce sirrin gidansu ne, to ya riƙe sirrinsa, kai ka riƙe hantarka. Wanda kuma ya ga idonsa ya yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko gefen dama na ciki na ciwo bayan ya fara wani haɗi, ya tafi asibiti ranar, ya tafi da jarkar a hannu.

Kawu ya koma aiki, an sake duba masa ƙwayoyinsa, sugansa ya daidaita. Jarkar tana nan ƙarƙashin teburina tare da matattun batira, saura kusan rabi. Mai maganin na toshe shi a wayar kawu da hannuna. Shekaranjiya da ya kawo wayar in canza masa bakin caji, ya ce mini mutumin ya dawo gurup ɗin da sabuwar lamba, kuma abokan aikinsu uku sun riga sun tura kuɗi. Ya ce in rubuta wannan abin da nake ta faɗa masa, shi zai sa a gurup ɗin da kansa.